Asabar ɗin da Muka Fitar da Kyaftin

Mai girma shugaban wannan taro, shugaban ma'aikatar ruwa da ma'aikatansa, malamanmu da dattawanmu, Inna, mahaifiyar marigayi, da ta daure ta zo duk da ciwon ƙafa, Malama, matarsa, 'ya'yansa mata biyu da mazajensu, ƙannensa, surukansa da maƙwabtansa, sai ku abokan tafiyata, tsofaffin nan da kuka jingine kekuna a bakin ƙofa kuka tare wa jama'a hanya. Assalamu alaikum. Allah ya ba kowa ladan zuwa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai kemis ɗin da ke kusurwar layinsu. Shekara ashirin da shida muna tare da mutumin da muka taru dominsa, wanda duk muka sani da Kyaftin. Ba don na iya magana aka tsayar da ni a nan ba. Da aka zauna zaɓen mai jawabi, abokin tafiyarmu Tela ne ya ce a ba wanda ya fi kowa laifi, sai na ga duk an juyo ana kallona.

Akwai wani nauyi da na zo saukewa, kuma gara in faɗe shi tun yanzu. Sati uku kafin rasuwar Kyaftin, mu abokansa mun fita da shi yawo, fitarsa ta farko mai nisa cikin shekara tara. A ranar ita ma Malama ta fita, ta wuni wajen aminiyarta. Kwana uku da yi masa sutura na je gaisuwa, sai ta tare ni a bakin ƙofar ɗakinsa. Ba kuka take yi ba, da ma kukan ne da ya fi mini sauƙi. Ta ce, “Mai Kemis, tsakaninka da Allah. Da na hana ku fita da shi, da na zauna a gida ban je ko'ina ba, da yanzu yana nan?” Na ce mata zan ba ta amsa wata rana. Yau wata biyar ke nan tana kwana tana tashi da wannan tambaya, ba ta ci sosai, ba ta ɗaga waya. Na nemi izininta in amsa a gabanku, don na san ba ita kaɗai ke tambayar ba, wasu a ƙasa-ƙasa suke yin tasu. Amma kafin amsar ta yi ma'ana, sai kun san wane ne aka fitar.

Ya kasance mutum mai gaggawa. Waɗanda suka san shi a kwance kawai ba za su yarda ba. Tafiyarsa sauri, cin abincinsa sauri, ko gaisuwa ce sai ya jero maka tambaya uku ya wuce kafin ka amsa ta farko. Ya kasance ma'aikacin da in famfo ya bushe a unguwa, ba a cewa a kai ƙara ofis, sai a ce a nemo Kyaftin. Shekara ashirin da biyu yana kula da injinan tura ruwa. Shekarar da babban injin ya tsaya, aka ce sai an jira kaya wata biyu, shi ya kwance shi gaba ɗaya ya baje a ƙasa, ya yi kwana uku a ɗakin inji, ya fito baƙi ƙirin da giris, mu kuma muka buɗe famfo muka ga ruwa. Ya kasance mafaɗaci, kar mu yi masa ƙarya don ya rasu. In ka bar famfo yana ɗiga a gabansa, ko surukinsa ne kai sai ka ji babu daɗi.

Ya kasance kuma mai son keke kamar me. Shi ya tara mu, mu shida, muke fita kowace Asabar da safe. Babu wanda ya zaɓe shi shugaba. Usur ya sayo ya rataya a wuya, ya ce daga yau sunansa Kyaftin, muka ga rigima da shi ta fi hawan tudu wuya, muka amince. Shi ne kullum a gaba, ni ne kullum a baya, kuna dai ganin cikina ba sai na yi bayani ba.

Sai zazzaɓi ya kama shi, irin wanda kowa ke yi ya tashi. Zazzaɓin ya tafi ya bar masa gajiya. Ba gajiyar da ni da ku muka sani ba, wadda barci ke wankewa. Zai yi barcin awa goma ya farka kamar wanda ya wuni sauke buhunan siminti. In ya yi wanka, sai ya kwanta awa biyu kafin ya iya sa riga. Haske ya dame shi, hayaniya ta dame shi. Aka auna jini, aka ɗauki hoto, aka sake aunawa, kowace takarda ta ce lafiyarsa ƙalau. Wasu suka ce lalaci ne ya zo masa da girma, wasu suka ce hannu aka sa masa, wasu suka ce tunani ne. Sai da aka shekara kafin wata likita ta zauna ta saurare shi, ta ce ciwo ne, ciwon gajiya mai daɗewa, kuma ba ta da allurar da za ta kore shi. Ya ce mini ranar ya ji daɗi kamar an ba shi kyauta, don an samu mutum ɗaya da bai ɗauke shi maƙaryaci ba.

Kafin zuwan likitar nan, mun riga mun yi ɓarnarmu ta farko. Mu 'yan keke muna da tamu cutar: mun yi imani babu abin da zufa ba ta magani. Mura, ciwon baya, ɓacin rai, duk maganinsu feda. Ni na kai masa kwalba shida ta maganin ƙarin jini, ba wanda ya tambaye ni. Wata Asabar muka je mu biyar, muka ba tayar kekensa iska, muka tsaya a ƙofa muna masa tsiya, wai Kyaftin ya zama ɗan ɗaki. Kun san shi da zuciya. Ya fito, ya hau, ya yi kilomita goma sha biyu yana dariya, mu kuma muna ta yabon kanmu mun warkar da mutum. Washegari ya ɗan lallaɓa. Rana ta uku kofin shayi ya gagare shi ɗagawa. Sati goma sha ɗaya ya yi a ɗaki, labule a rufe, kuma daga nan bai sake komawa aiki ba. Malama ba ta ɗaga mini murya ba. Ta zo shagona da kwalaben nan shida a leda, ta ajiye a kan tebur ta ce, “Ga kayanka.” Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Kunyar ce ta kai mu ga ɓarna ta biyu. Muka ce tunda mun cuce shi, kar mu ƙara masa da ƙwalele. Muka canza hanya, muka riƙa bi ta bayan layinsu, Tela har tsumma ya cusa a ƙararrawarsa. Muka aika masa cewa ƙungiya ta watse. In mun je dubiya, mu tsaya daga waje mu ce a gaishe shi, kar a tashe shi. Wata bakwai muna wannan, muna ganin kirki muke yi.

Rannan ya aiko in zo. Na same shi a kwance, muryarsa sai ka matso kake ji. Ya ce, “Mai Kemis, an ce kun watse.”

Na ce, “Mun watse, Kyaftin. Ba kai, ba daɗi.”

Ya ce, “To sarƙar wa ke kuka ta bayan layi kowace Asabar, bakwai saura kwata?”

Na fara kame-kame.

Ya ce, “Taka ce. Shekara goma ina ce maka ka sa mata mai.” Ya huta, ya ja numfashi, sannan ya ce, “Da farko kun so ku kashe ni da ƙauna, yanzu kuna so ku binne ni da kunya. Ni ba mutuwa na yi ba, gajiya na yi. Jawo kujera, ka ɗauki biro.”

A ranar ya shifta mini dokokinsa, yana faɗa yana hutawa. Akwai wani koren tawul. In mun gan shi a rataye a taga, mutum biyu su shigo, minti goma sha biyar, ba ƙari. “Ya jiki” sau ɗaya ake faɗa, sauran lokacin na labari ne, kuma kar a kawo masa magani ko sunan mai magani. In babu tawul, kar a ƙwanƙwasa, kar a kira waya, kowa ya buga ƙararrawarsa sau ɗaya ya wuce. In kuma an sa rana ya fasa, ko sau biyar ne a jere, babu mai fushi. Da wuya muka saba. Mu da aka tarbiyyantar da cewa daɗewa a wajen mara lafiya ita ce ƙauna, ga shi ana korarmu ana tsakiyar hira. Amma a hankali muka gane cewa in ya ce yau ba zai iya ba, jikinsa yake nufi, ba mu ba. Ranakun da babu tawul, yana kwance ido a rufe yana sauraron ƙararrawa biyar suna wucewa. Ya san ta kowa. In ɗaya ta yi ƙasa, sati mai zuwa sai ya tambayi inda mai ita ya maƙale.

Keken ma bai bar shi ba, hawan kawai ya bari. Dogo, mai waldarmu, ya ƙera masa wani ƙarfe da ke tsallake gado, a ɗora ƙafar keke a kai ta riƙa juyawa a saitin ƙirjinsa. Yana kishingiɗe yake ɗaure wayoyin nan siraran da ke riƙe da wili, ya yi minti biyar, ya huta rabin awa. Aikin da makaniki zai gama kafin shayi ya huce, shi sai ya yi sati biyu a kai. Amma duk wanda ya hau keken da ya bi ta hannunsa ya san bambanci. Shi ke zana mana hanyar da za mu bi a takarda, daga ka, mu dawo mu ba shi rahoton inda aka yi sabon rami da wanda ya faɗi. Ya yi mana faɗa a kwance fiye da yadda ya yi a tsaye.

Ma'aikatar ruwa ma ba ta rabu da shi ba, ga shugabansu nan zai shaida. In inji ya fara wani kuka da ya ɗaure musu kai, sai su kira shi. Ba ya son dogon bayani, sai ya ce, “Kara wayar a jikinsa.” Ya saurara minti ɗaya, ya faɗi abin da za a kwance, ya kashe wayar ya yi barci. Yawancinku kun sha ruwan da wannan minti ɗayan ya kawo, ba ku sani ba.

Kar in mayar muku da shi waliyyi. Akwai lokacin da tawul ya yi kwana arba'in bai fito ba. Akwai ranar da ya yi jifa da sifanar gyaran keke ya fasa madubi, akwai ranar da na shiga na same shi yana hawaye don ya kasa zuwa ɗaukar jikarsa ta fari a asibiti. Ba ya son a ce masa mai haƙuri. Yakan ce, “Ba haƙuri gare ni ba, dabara nake yi. Ƙarfin da na samu yau ɗan kaɗan ne, ni zan zaɓi inda zan sa shi, kuma ba zan sa shi a bayanin kaina ga mutane ba.”

Duk wannan dabara, akwai mai riƙe da ita, ita ce Malama. Ita ke rataya tawul, ita ke cire shi, ita ke leƙowa ta ce lokaci ya yi. A bayan idonta Mai Gadi muke ce mata, kuma na san ta sani. Daga makarantar da take koyarwa sai gida, daga gida sai makaranta, shekara tara. Da can tana da nata Asabar ɗin. Ita da aminiyarta, ma'aikaciyar jinyar nan, da wasu mata biyu, sukan haɗu su yi saƙa, ko in ce su yi hira da ulu a hannu. Ta daina zuwa. Aminiyar ta yi kira har ta gaji. Ko 'ya'yan sun zo sun ce za su zauna da babansu ta fita ta sha iska, sai ta ce ba su san yadda ake jan labulen ba.

Farkon shekarar nan Kyaftin ya ce yana so ya sake ganin babban tankin ruwan da ke kan tudu, inda ya yi aiki. Malama ta ce sam. Wata biyu yana lallashi. Aka tambayi likita, ta yarda da sharaɗi: a kishingiɗe zai je, da baƙin tabarau da auduga a kunne, a kuma tanadi ɗakin da zai kwanta a can. Dogo ya haɗa keke mai ƙafa uku, ya dasa tsohuwar kujerar mota a gaba. Kyaftin ya yi kwana goma sha biyu ba tawul, yana tara ƙarfi. Da Malama ta ce za ta bi mu, ya ce fitar maza ce. Da ta ce to za ta jira a gida, ya ce, “Ki jira me, gadin gado za ki yi?” Ana haka sai ga aminiyarta ta kira, ta ce ko za ta zo su wuni. Ta tafi tana waiwaye.

Tela ne ya tuƙa. Da muka zo tudu, feda ta ƙi, mu uku muka sauka muna turi, shi kuwa ido a rufe yana ba da umarni, wai mu bi ta hagu akwai rami. Ramin da aka cike tun shekara huɗu. Muka iso sama ni ina ganin duhu-duhu. Na ce, “Kyaftin, buɗe ido, ga tankinka.” Ya ɗaga tabarau, ya buɗe ido ɗaya, ya ce, “Yana nan. Fenti yake so.” Ya mayar da tabarau.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Da aka kwantar da shi a ɗakin masu gadi, sauran suka fita neman inuwa, na ce, “Don wannan ka sa tsofaffi uku suka kusa sheƙawa?”

Ya ce, “Ƙarfe nawa?”

Na ce, “Sha ɗaya ta wuce.”

Ya ce, “To yanzu Malama ta isa. Yanzu an gama gaisuwa, an fara dariya.” Ya ɗan huta. Sai ya ce, “Tanki na kalla shekara ashirin da biyu, ya ishe ni. Ni na kira ƙawar nan tata, sau huɗu, ina roƙo ta sake gwadawa. Matar nan ba za ta taka ƙofa ba muddin ina cikin ɗakin can, shi ya sa na cire kaina daga ɗakin. Ni ciwo ne ya zaunar da ni, Mai Kemis. Ita ni na zaunar da ita, kuma wannan ya fi ciwon yi mini nauyi. Kar ku mayar da ni sai la'asar. Kuma kar ka gaya mata, in ta ji za ta ce na wahalar da kaina dominta, ba za ta sake yarda ba. Bayan wata uku nake so mu maimaita.”

Ya sha jiki bayan fitar, kwana goma cif, kamar yadda shi da kansa ya lissafa tun kafin mu tafi. Rana ta goma sha ɗaya tawul ya fito. Na shiga na same shi yana murmushi, wili na juyawa a gabansa. Ya ce, “Ta dawo da ulu jaka guda, ta cika mini kunne da labarin mutanen da ban sani ba. Rabon da in ji wannan muryar tata, tun kafin in kwanta. Ko kwana ashirin ne na yarda.” Sati guda da 'yan kwanaki bayan haka, da safe, yana shan shayi, jijiya ta fashe a kansa, Allah ya karɓi abinsa.

Malama, na yi masa alkawarin ba zan faɗa ba. Ya ce in ɓoye ne don ki sake fita. Yanzu ɓoyewar ce ta kulle ki a ɗaki, don haka na san wanne zai zaɓa, in kuma na yi kuskure, ya saba yi mini faɗa.

Ga amsarki. Rabin farko, ko fitar ce ta rage masa kwana: likita ta gaya miki babu abin da ya haɗa su, ta gaya mini ni ma, kwana kuma na Allah ne. Ni mai sayar da magani ne, na taɓa yin likitanci sau ɗaya a gidanki, kin ga yadda ta ƙare, ba zan ƙara komai a kan maganarta ba. Amma rabi na biyu, “da na zauna a gida”, wannan ni ne shaida, da kunnena na ji. Ba barinsa kika yi kika tafi ba, shi ya aike ki. Wata biyu yana shirya miki wunin nan, da ɗan ƙarfin da ko wanka ba ya isarsa. Shekara tara kina yi masa, sau ɗaya ya samu ya yi miki, kuma ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba, har da zamanin da yake gabanmu da usur. Da kin zauna a gida, da kin hana shi wannan.

Aminiyarki ga ta can a layi na uku, ita ma ya sa ta yi shiru, ita ma abin na cinta. Asabar mai zuwa za ta zo ƙofarki. In kin kore ta za ta dawo, ta yi mini alkawari, kuma ta fi mu naci. Ranar da kika ji za ki iya, ki ɗauki jakar ulun nan ki bi ta. Ba cin amanarsa kika yi ba, aikin da ya fara ne kike ƙarasa masa.

Inna, kin haifi ɗa mai amfani, a tsaye da a kwance. 'Ya'yana, ku riƙe mahaifiyarku, amma kar ku riƙe ta a ɗaki. Jama'a, in akwai mai irin wannan ciwo a gidanku ko cikin abokanku, ku yarda da shi in ya ce ya gaji. Kar ku ja shi da ƙarfi, kar kuma ku bi ta bayan layi. Ku tambaye shi yadda yake so a zo masa, zai gaya muku.

A madadin iyali da mu abokansa, muna godiya ga ma'aikatar ruwa da ta ba mu wannan zaure, da likitar da ta saurare shi, da maƙwabtan da suka shekara tara suna rage ƙarar rediyo ba tare da an roƙe su ba, da duk wanda ya taka ƙafa ya zo.

Allah ya gafarta wa Kyaftin, ya yafe masa faɗansa, ya sa ruwan da ya shayar da mu ya zame masa haske. Allah ya sanyaya zuciyar Inna, ya raya zuriyarsa. Allah ya cire wa Malama wannan nauyi, ya mayar mata da dariyarta. Shi kuma da ya shekara tara yana kwanciya ba ya hutawa, ya Allah, ka ba shi hutu na gaske, ka tashe shi garau. Amin.